Jan Bargo a Hayin Rafi

Shekara talatin da ɗaya Si Benyunus ya yi yana aikin kwastan a bakin iyakarmu da Aljeriya, daga Wujda har inda rafin Kis ya faɗa teku, kuma ko cikin maƙiyansa babu wanda ya taɓa cewa ya karɓi lemo ƙwaya ɗaya daga hannun wani. Abin da suke faɗa a kansa daban ne: wai mutum ne da ba ya mantuwa, ba ya kuma kau da ido. Shari'a ya karanta a jami'ar Fas, ya dawo gida da rubutu tsaf kamar na inji, da halin auna magana kafin ta fita daga bakinsa. In ka tambaye shi nisan wani ƙauye, ba zai ce maka kusa ne ba. Zai ce kilomita goma sha huɗu, sha biyar in ka bi ta kasuwa.

Bayan ya yi ritaya matarsa ta rasu, ya zauna shi kaɗai a gidansu na Wujda, yana goge takalmansa kowace safiya duk da babu inda za shi. Kwatsam sai aka ji ya sayar da 'yar gonar lemon da ya gada a Barkan, ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki a hannun wani Bafaranshe, irin wadda Turawa ke zuwa da ita hutun sanyi, da gado da murhu da makewayi duk a ciki. Maƙwabta suka yi ta dariya, suna cewa tsohon ya fara taɓuwa. Waɗanda suka san shi da daɗewa ba su ce komai ba, don sun tuna yana da 'ya.

Widad sunanta, ita kaɗai Allah ya ba shi. Ta gama karatun haɗa magunguna tana da shekara ashirin da biyar, ta zo ta ce masa ta ga wanda take so ta aura. Lakhdar, malamin makaranta ne a Marsa, garin da ke hayin rafi, cikin Aljeriya. Ba ƙasarsa ce ta dami Si Benyunus ba, danginsa ne. Kawun yaron shi ne Kaddur, ɗan fasa-ƙwaurin fetur wanda Si Benyunus ya tura kurkuku da hannunsa. Si Benyunus bai ɗaga murya ba. Ya karɓi fasfonta ya kulle a aljihun teburinsa, ya ce mata duk wanda ya tsallaka ba hatimi mai laifi ne, ko wane ne ubansa. Iyakar a rufe take tun Widad tana firamare, amma a lokacin ba a kafa shingen waya ba, ba a haƙa rami ba. Ta tsallaka wata safiya a bayan babur, da jaka ɗaya.

Shekara goma sha biyar tana kiran wayarsa, ƙaramar Sallah da babba. Yakan zauna yana kallon lambar har kiran ya katse. Kira talatin ke nan. Ya san adadin.

Saƙon ƙarshe ba daga wurinta ya zo ba. Lakhdar ne ya rubuto, layi biyu: Widad ta rasu da asuba bayan jinyar wata shida, an rufe ta bayan azahar a maƙabartar kan tudu. Si Benyunus ya rubuta amsa sau uku kafin ya tura, ta fito kamar wasiƙar ofis. Lakhdar ya karanta, ya toshe lambarsa. Daga Wujda zuwa Marsa tafiyar awa ɗaya ce a mota, da akwai hanya. Ya nemi biza don ya kewaya ta jirgi, takardar tana can har yau ba amsa.

To, sai ya ɗauko tsohuwar taswirar aikinsa, da rula, da fensir. Ya sa ɗigo a kan maƙabartar, ya dinga jan layi zuwa ɓangarenmu yana duba inda ƙasa ta yi tudu da inda ta kwanta. Wurin nan na bakin titi da dangin da iyaka ta raba ke tsayawa hayi da hayi suna ɗaga wa juna hannu bai yi masa ba, duwatsu sun tare. Can kusa da bakin teku ne kaɗai ido ke iya kai wa gefen tudun, kuma a nan babu gidan haya, sai gonaki, da filin sojoji, da zangunan da masu mota mai ɗaki ke sauka. Dalilin sayen motar ke nan. Bai gaya wa kowa ba.

Ya iso Sa'idiyya, garinmu na bakin teku da ke daura da Marsa, ranar wata Litinin a farkon sanyi. Zangon farko na kusa da inda ake ɗaure jiragen ruwan masu kuɗi, an shimfiɗa masa tsakuwa, ga wurin wanka, ga furanni. Ya tsaya a tsakiyarsa ya juya gabas, ya ga bangon otal mai hawa biyar. Ya yi godiya ya fita. Na biyu yana cikin itatuwan turare, an kewaye shi da katanga mai tsawo, mai wurin yana ta yaba inuwa da tsaro. Si Benyunus ya hau tsanin bayan motarsa, da shekarunsa sittin da tara, ya tsaya a kan rufin. Kan hasumiyar masallacin Marsa kawai ya hango. Ya sauko a hankali, ya ce wa mutumin wurin yana da kyau.

Na ukun ya san shi tun a kan taswira, ya kuma san mai shi. Sauran biyun ya je ne kawai da fatan lissafinsa ya kauce. Bai kauce ba.

Kaddur yana zaune a bakin ƙofar zangonsa yana gasa kifin sardin a kan gawayi. Tun da aka kafa waya sana'ar fetur ta mutu, ya share gonar mahaifiyarsa, ya ja ruwa da lantarki, ya yanka ta gurbi ashirin. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari, amma muryar tana nan. Ya dubi motar, ya dubi ƙafar da ta sauko daga ciki.

"Tun daga takalmin na gane ka," ya ce. Sai ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. "Zulikha! Fito ki gani! Gwamnati ta zo mana, da gadonta a goye."

"Salamu alaikum, Si Kaddur."

"Wa alaikumus salam. Na amsa don wajibi ne, ba don kai ba. Yau kuma ni ne Si, mai girma? A takardarka 'wanda ake tuhuma' ka rubuta."

"Wuri nake so. Zan biya abin da kowa ke biya."

"Babu wuri."

"Gurbi ashirin ne, shida ke da mota."

"Kin ji ko? Ko zama bai yi ba ya fara ƙirga kayan mutane." Kaddur ya juya kifi da yatsa. "Sauran sha huɗun na aljanu ne, yallaɓai. Sun riga ka."

Zulikha ta fito tana goge hannu a gefen zanenta. Ta dubi baƙon sau ɗaya, ba ta gaishe shi ba.

Abin da ke tsakanin mutanen nan biyu kowa a yankin ya san shi. Zamanin fetur, masu fasa-ƙwauri ba sa yarda da waya, da shanya suke magana. In mace ta shanya jan bargo a saman soro, ma'anarsa kwastan na kusa, kada a zo. In farin zanen gado ne, hanya a buɗe take. Soron mahaifiyar Kaddur ne ake gani sosai daga hayi. Wata rana tsohuwar ta shanya ja, ta tafi kasuwa. Si Benyunus ya hau ta bayan gida da kansa, ya sauke bargon, ya shanya fari da ya zo da shi a jaka. Kafin la'asar Kaddur ya tsallako da jakuna goma sha ɗaya, kowanne da jarka shida, ya faɗa hannu. Shekara biyu aka ba shi. Mutanen hayi suka ce tsohuwa ce ta sayar da ɗanta, mata suka daina shiga gidanta. Ta rasu yana da saura wata biyar, a kurkuku aka yi masa ta'aziyya.

"Gurbi na sha bakwai nake so," in ji Si Benyunus.

Hannun Kaddur ya tsaya a kan gawayi. "Ka san abin da ke jikin sha bakwai? Ramin da Turawa ke juye kashinsu."

"Na sani."

"Ba inuwa. Ba a ganin teku. Sauro kamar tantabaru. Ko kare na ɗaure can sai ya tsinke igiya."

"Shi nake so."

Kaddur ya waiwaya gabas, can ƙarshen fili inda shingen kara ya yi ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Da ya juyo, dariyar ta tafi daga fuskarsa.

"A nan na tsaya ranar," ya ce. "Ni da matar nan. Muka ga an ɗauko ta, muka ga an hau tudu da ita. Matar ɗan ƙanwata ce, ni na yi mata waliyyi da ubanta ya ƙi. Kai kana ina? Kana goge takalmi?"

Si Benyunus yana tsaye, hannayensa a baya, kamar yadda yake tsayawa a shingen bincike.

"Kore shi," Zulikha ta ce.

"A'a. Zan ba shi." Kaddur ya miƙe. "Bakin rami ya dace da shi. Amma ka saurara, yallaɓai, nan ni ne hukuma. Ba ka yi wa baƙina tambaya. Ba ka shanya ko safa a shingen gabas. Ba ka nuna gilashi ko kyamara wajen hayi, don sojoji na gani, kuma ni za su rufe wa wuri, ba kai ba. Mako ɗaya. Ka ji, ko sai na buga maka hatimi?"

"Na ji."

Duk motocin zangon teku suke fuskanta. Tasa kaɗai ya gicciye, tagar gefe tana kallon gabas. Ya sa katako ƙarƙashin tayoyi har ruwan kofi ya tsaya daidai a kan tebur, sannan ya ja labule.

Ga tudun nan. Bayan shingen kara akwai wayarmu, sai rafin da bai fi a tsallake shi da tsalle biyu ba, sai ramin da na hayi suka haƙa, sai wayarsu, sai gangaren da ya hau. Mita dubu da ɗari uku a taswira. Maƙabartar na kwance a gefen gangaren, fes, ba abin da ya tare. Lissafinsa ya yi daidai.

Abin da bai lissafa ba shi ne yawan kaburburan. Farare ne duka, jere bisa jere, daga nan kamar an watsa shinkafa a faifai. Ya ƙirga ya kai ɗari uku da 'yan kai, idonsa ya yi ruwa, ya sake farawa. Kwana biyu yana zaune a bakin tagar, warin rami na shigowa duk sanda iska ta juyo. Yakan karanta Fatiha ga tudun gaba ɗaya, amma shi ba mutum ne da ke aika saƙo ba adireshi ba. Wanne ne nata? Abin da ya kawo shi ke nan, kuma bai samu ba.

Ranar Laraba da hantsi ya ɗauko madubin hangen nesansa na aiki. Ya san dokar sarai, shi da kansa ya sha kama mutane a kanta. Amma shekara talatin yana ɗaga madubin nan a bakin rafin nan babu mai ce masa kanzil, kuma wani ɓangare na zuciyarsa bai taɓa yin ritaya ba. Ya fito ya tsaya a jikin shinge. Sabuwar ƙasa yake nema, kabarin da farar ƙasarsa ba ta dushe ba. Ya ga huɗu. Yana ƙoƙarin karanta rubutun na farko aka fizge madubin daga hannunsa, igiyar ta goge masa kunne.

"An ƙwace!" Kaddur ya ce da ƙarfi, har wata Bajamushiya da ke shanya tawul ta juyo. "Kayan da aka haramta, an kama su a hannun mai su, a bakin iyaka. Haka kuke faɗa, ko na manta wani abu?"

"Ba ni kayana."

"Zo ka karɓa bayan shekara biyu."

Si Benyunus ya shafa kunnensa, ya dubi ɗan jinin da ke yatsarsa. "To ka ba ni takardar shaida."

Kaddur ya buɗe baki. "Takarda? Kai ka ba ni takardar jakunana?"

"Na ba ka. Mai lamba. Ka sa hannu a ƙasa."

"Wallahi mutumin nan ba shi da lafiya." Kaddur ya rataya madubin a wuyansa. "Sojan da ke kan hasumiya can ɗan maƙwabcina ne, shi ya kira ni maimakon ya kira ogansa. Gobe wani ne a kan aiki. Kana so ka sake rufe mini abinci, shi ya kawo ka? Sau ɗaya bai ishe ka ba?"

Ya tafi yana faɗa, madubin na dukan tumbinsa. Ya rataye shi a ƙusa cikin rumfarsa, inda kowa zai gani.

Kwana uku sun wuce cikin bakwai. Si Benyunus ya zauna ya duba hanyoyin da suka rage masa, kamar yadda ya saba duba fayil. Lakhdar ya toshe shi. Uwar Widad da ta san komai tana ƙasa. A faɗin ƙasar nan mutum biyu ne suka ga inda aka sa Widad, ɗaya ta ce a kore shi, ɗayan ya ƙwace masa madubi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya goge takalmansa, ya tafi rumfar. Kaddur na gyaran bututun gas, bai ɗaga kai ba.

"In madubi ne, ofis ya tashi."

"Ba shi ba ne. Wanne ne?"

"Wanne ne me?"

"Ka san abin da nake tambaya."

"Ban sani ba, yallaɓai, ni jahili ne, jakuna na karanta. Faɗi da bakinka. Sunanta ma ban ji ka kira ba tun da ka zo."

Si Benyunus ya dubi ƙasa. "Kabarin Widad. Wanne ne?"

"Au, tana da suna." Kaddur ya ajiye filaya. "Kowace Sallah a gidan ƙanwata take kiranka, ka sani? Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta fito ta ce layi ne ba kyau. Shekara goma sha biyar layi ba kyau. Har yaran gidan suka mai da shi abin wasa." Ya tashi tsaye. "Ni kuma tawa uwar, wa ya nuna mini nata? Na fito na tarar ciyawa ta rufe shi. Ta mutu mutane na cewa ta sayar da ni. Kai ka san ba ita ba ce, ka yi shiru."

"Kama ka aikina ne. Ko yau aka mai da ni ranar, zan kama ka."

"Madalla! To ga ƙofa."

"Ban gama ba." Muryar Si Benyunus ba ta canza ba. "Fetur ɗin laifi ne, hukuncin daidai ne. Zanen ne ba daidai ba. Ban rubuta shi a rahoto ba. Shi kaɗai ne abin da na taɓa yi a aiki ban rubuta ba."

Kaddur ya zuba masa ido. "Wannan shi ne ban haƙurinka?"

"Wannan shi ne abin da ya faru."

"Zulikha, kin ji? Ya zo ya karanta mana rahoto, bayan shekara ashirin." Daga cikin gida ƙarar turmi ta tsaya. Kaddur ya nuna hanya da filaya. "Fita mini daga rumfa. Ko da na so, daga nan yatsa ba ya nuna kabari. Jeka ka ci gaba da ƙirga."

Ya koma motarsa. Ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kujera, ya duba fasfon Widad da ya taho da shi, wanda wa'adinsa ya ƙare tuntuni, shafukansa duk farare. Ya mayar. Ya fara ɗaure kwanoni, don ya ga babu amfanin jiran Litinin.

Da safiyar Juma'a, wajen ƙarfe tara, aka daki jikin motar da tafin hannu sau uku.

"Fito, yallaɓai! Kayanka sun iso. Yi sauri, ba za a jira ka ba."

Ya fito ba takalmi, da silifas. Kaddur na tsaye a jikin shinge, ya harɗe hannu, yana kallon wani wuri daban. Si Benyunus ya dubi tudu.

Cikin farin nan duka akwai ɗigo ɗaya ja. Bargo ne, an shimfiɗa shi a kan kabari, wani mutum na tsaye a gefensa, ƙarami kamar ashana. Ba ya ɗaga hannu. Ba ya ma kallon wannan ɓangaren.

Abu na farko da Si Benyunus ya yi shi ne ƙirga. Jeri na uku daga sama. Na bakwai daga itacen zaitun da ke hagu. Ya maimaita sau biyu a fili. Sai bayan ya tabbatar da wurin ne launin ya iso masa. Babu wanda ya girma a bakin rafin nan da zai ga jan bargo ya ɗauka bargo ne kawai. Kwastan na kusa. Kada a zo.

"Bargo kawai na ce wa Lakhdar," in ji Kaddur, har yanzu bai juyo ba. "Launi shi ya zaɓa. Da ƙyar ma ya yarda, sai da na haɗa shi da uwarsa. Widad ta bar yara biyu, mace da namiji. Ka ga bai kawo su ba."

"Na gani."

"Kada ka gode mini. Ba don kai na yi ba. Ita ce ta ce wa Zulikha a waya, tana kwance, in tsohon ya taɓa zuwa a nuna masa. Na ce mata ba zai zo ba. Ka sa na yi wa mamaciya ƙarya, wannan ma ban yafe ba."

Si Benyunus ya ɗaga hannuwansa. Ya karanta Fatiha, ya yi addu'ar da ake yi wa mamaci, ya kira sunanta da sunan uwarta kamar yadda ake yi. Kaddur ya ja baya taku biyu, ya shafa tare da shi, yana gunaguni. Bayan minti goma daidai mutumin can ya sunkuya, ya naɗe bargon, ya saɓa a kafaɗa, ya gangara ta bayan tudu. Wurin ya koma fari kamar sauran. Amma yanzu jeri na uku ne, na bakwai daga zaitun, kuma Si Benyunus ba ya mantuwa.

Bai tafi ranar ba. Ya kwance kwanonin da ya ɗaure. Da rana Zulikha ta raba kuskus na Juma'a wa duk motocin zangon, ta tsallake tasa.

Washegari Kaddur ya zo duba ramin, ya tsaya cak. A jikin shingen gabas an shanya farin zanen gado, an ɗaure kusurwoyinsa huɗu tsaf.

"Kai!" Ya fizge shi, ya dunƙule, ya jefa ta ƙofar motar. "Me na ce maka ranar farko? Kuma fari! Kai, fari! Wa zai yarda da farinka a hayin can? Ko jaki ya gani sai ya juya."

Si Benyunus ya ɗauki zanen ya kakkaɓe. Bayan awa ɗaya Kaddur ya sake wucewa, ya ga an cire labulen tagar gabas, an maye shi da zanen, daga ciki, ya cika gilashin daga sama har ƙasa, sai 'yar kafa a gefe ta leƙe.

"Na ce ba shanya!"

"Shinge ka ce. Wannan tagata ce."

"Lauyan banza." Kaddur ya tofar da yawu. "Hanya a buɗe take, ko? Ga waya biyu, ga rami, ga sojoji. Sau biyu ke nan a rayuwarka kana shanya fari, duka biyun ƙarya."

"Na farkon ne ƙarya."

Kaddur ya tsaya kamar zai ƙara wani abu. Sai ya ɗaga murfin ramin, ya leƙa, ya mayar da ƙarfi, ya tafi.

Litinin ta zo, Kaddur ya ce masa mako ɗaya ya ƙara, na ƙarshe. Haka ya faɗa Litinin ta gaba. Sanyi ya wuce, Turawa suka koma ƙasashensu, 'yan hutun bazara suka zo da yaransu da kiɗansu, su ma suka tafi. Motar na nan a gurbi na sha bakwai, a gicciye, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinta. Mutanen biyu ba sa cin abinci tare, ba sa zama tare. In Kaddur ya ga baƙo na kallon tsohon da ke goge takalmi a bakin rami, yakan ce, "Kada ku kula shi, fursuna ne." Madubin na rataye a ƙusa, ƙura ta rufe gilashinsa.

Jan bargon bai sake fitowa ba, wani launin ma bai fito ba. Kowace Alhamis Si Benyunus na sauke zanen ya wanke, ya busar da shi a cikin mota, ya mayar kafin safiyar Juma'a, ranar da mutanen Marsa ke hawa tudu ziyara. Sai ya zauna a bakin kafar nan, ya nemo zaitun, ya ƙirga bakwai.